Daɓen Bayan Gida

Maginin nan bai taɓa ɓoye halinsa ba: ba ya ganin aikin banza ya yi shiru. Budurwarsa ta sani sarai, amma ta kawo shi ya gaida Baba.

A filin da ke bayan gidan aka ajiye masa kujera. Baba da hannunsa ya shimfiɗa tayil ɗin wurin, kowane baƙo sai an nuna masa. Magini ya goga takalminsa kan gansakuka, ya dubi ruwan da ya kwanta jikin bango. Ta yi masa ido. Bai kula ba.

"Baba, wannan tayil na ɗaki ne. Ga ruwa, ga santsi, ba gangare. Wata rana sai ya kayar da Mama."

"Aure ka zo nema, ko duba-gari?" Baba ya shige ciki.

Budurwar ta ce, "Bi shi ka ce ya yi kyau. Saboda daɓe za ka rasa ni?"

Ya girgiza kai.

"Ba zan iya ba. Ki roƙe shi ya bari in fasa, in zuba yashi, in jera bulo mai kaushi. Ko ya hana ni ke, ya bar ni in gyara."