Kwanon da Aka Kife

Daw Mya Sein ta cire ƙayar kifin tas, ta zuba miya a kan shinkafa, ba ta sa barkono ba. Daga ɗaki mijinta U Ba Thaung ya sake tambaya, da muryar da ta kusa ƙarewa, ko yau za su karɓa.

Soja ne. Tun ranar da rundunarsu ta daki sufayen addinin Buddha a bakin kasuwa, sufayen garin suka kife kwanukansu: babu mai karɓar sadakar gidan soja. A wurin mabiya Buddha kuwa, wanda aka ƙi abincinsa an rufe masa ƙofar lada. Sai ga ciwo ya kwantar da mutumin. Likita ya ce hanta ta gama aiki, firgitar da yake yi kuma ta ƙwaƙwalwa ce, ya ba da ƙwayoyi. Ƙwaya ta sa shi barci, amma ba ta hana shi farkawa yana rawar jiki ba, wai zai mutu a sake haifarsa cikin wuta.

Da ta fito, mai sayar da ganyen shayi ta tsokane ta: "Matar soja, yau ma karnuka za su sha daɗi."

Ta wuce abinta. Wadda mijinta ke mutuwa ba ta da lokacin faɗa.

Sufaye suka taho a jere, ƙafa ba takalmi. Ta durƙusa. Na farko ya wuce da kwano a kife. Na biyu ma haka, har layin ya kusa ƙarewa. Na ƙarshe shi ne U Kawthala, wanda aka fasa wa goshi ran nan, shi ne kuma ya fara kife nasa. Ta rarrafa ta tare masa hanya, abin da mace ba ta yi.

"Ranka ya daɗe, ba zai kai gobe ba. Loma ɗaya. Ban ce ka yafe masa ba."

Ya ce sun yi alkawari a gaban jama'a, in ya buɗe kwanon ya ci amanar waɗanda ke tsare. Kuma ya koya wa mutane cewa fushi wuta ce mai cin mai ita, ga shi tana cin sa. Bai kalle ta ba. Ta kifa goshi a ƙasa, tana jin shinkafar na hucewa.

Sauran sun yi nisa. Sai ta ji ya ce a hankali, "Kwanon muka kife. Ba mu yi maganar hannu ba."

Ya miƙo tafinsa. Ta dunƙula loma, ta sake ta daga sama don mace ba ta taɓa sufi. Lomar ta sauka daidai kan tsohon tabon ƙuna, wanda ya samu a murhunta yana rarrafe, shekarar da ubansa, mijinta, ya shiga soja.