Abin da Fartanya Ta Tono

Maƙerin zinariya ya ɗora dutsen a kan uwar maƙera, ya jawo ƙaramar guduma.

Kwana uku ke nan da fartanyar matar wani marigayi ta tono wani abu mai ƙyalli a gindin mangwaron gonarta. Maƙwabciya ta hango, kafin azahar zance ya kai kunnen ƙanen mijinta. Shi kuwa har ya gama magana da masu haƙa: in zinariya ce, jibi injin zai shiga, a tumɓuke gonar kaf. Gonar da ke ciyar da marayu huɗu. Irin wannan ramin haƙar zinariyar ne ya rufta da ubansu bara.

Ta ƙi ba kowa ajiyar dutsen. A bakin zanenta ya yi kwana ukun nan.

"Malam, a hankali," in ji ta, gumi na bin wuyanta. "Ko ƙwaya ɗaya ta ɓalle, da ni kake zancen. Ni ba a yi mini wayo."

"Matar yaya, ki bar mutum ya yi aikinsa mana," in ji ƙanen mijin.

"Zinariya in ta sha guduma bajewa take yi," in ji maƙerin. "Ba ta fashewa."

Ya ɗaga hannu. Ta runtse ido.

Ƙwas! Tartsatsi ya tashi, dutsen ya tarwatse, wari kamar na ashana ya cika shagon.

"Baiwar Allah, ƙyallin banza ne. Bakin rafi cike yake da irinsa."

Matar ta zabura. "Ƙarya kake! Haɗa baki kuka yi ku cuci marayu! A kai ni wani shagon!"

Ƙanen mijin ya ja tsaki. "Wane shagon kuma? Kin sa na tara mutane a kan tsakuwa. Je ki rungumi mangwaronki." Ya fice yana latsa waya, yana ba masu haƙa haƙuri.

Har ta sha kwana tana zage-zage. Daga nan ta daina, ta miƙe sai gona. A bakin rijiya ta waiga hagu da dama, ta kwance ɗaya bakin zanen, ta saki cikin rijiyar ainihin ɗan dutsen mai nauyi da fartanya ta tono, wanda shekaranjiya ya baje a ƙarƙashin taɓaryarta bai fashe ba.