Shanun da Suka Ci Dawa

Da gatari a kafaɗa wani manomi ya gangaro daga kan dutse, rabin gari na biye da shi. Kakar shekarar samun 'yanci ce, shanun ruga sun cinye masa dawa ana gobe yanka, kuma ya rantse ba zai je Kurfi neman alƙali ba.

Tsohon Bafulatanin da ke kiwon shanun na tsaye bakin garke, ko sanda babu a hannunsa.

"Matsa, Baffa," in ji manomin. "Yau sai na sassare su."

"Laifina ne, barci ya ɗauke ni. Amma kafin ka fara, duk wanda ya ba ni kiwo ya fitar da abinsa."

Maƙeri ne ya fara shiga, kai sunkuye, ya jawo bijiminsa. Sai liman, sai mahauci, har wanzamin da ya fi kowa zuga. Saura biyu.

"Gurguwar tawa ce, ba ta fita kiwo," in ji tsohon. "Waccan fa?"

Manomin ya duba. Jar karsanarsa ce ke tahowa wajensa tana tuƙa, zangarniya maƙale a ƙahonta.