Ranar Gwajin Ido

Tun da aka kafa dokar gwajin ido, iyaye suka daina koya wa yara sunkuyar da kai. Na'urar asibiti ke duba su. Wanda ya kauce wa kallonta, a ɗaura masa munduwar nutsuwa, ba a kuma cirewa. Tsoro ya kori kunya daga gari.

Lantana ta kai jikanta Tasi'u, yaron da bai taɓa son kallon fuska ba, sai jera marafan kwalba yana waƙa ƙasa-ƙasa.

"Kalle ta, maigidana," ta raɗa masa a layi. "Yau kaɗai ka yi rashin kunya."

A benci, yara masu munduwa na zaune, hannu bisa gwiwa, suna ƙifta ido tare.

Da layi ya zo kansa, Tasi'u ya kalli ƙasa. Na'urar ta yi ƙara.

"Hajiya, ba zafi," in ji ma'aikaciyar asibitin. "Zai huta, ku ma ku huta."

"Wa ya ce miki mun gaji?"

Aka ɗaura masa munduwar. Tasi'u ya ɗago, ya zuba wa kakarsa ido.

"Ina wuni, Kaka."

Kafin ta buɗe baki, yaran bencin suka amsa tare: "Lafiya lau."