Sabon Bugun Tsohon Faifai

"Baba, ga kiɗan jaz ɗin nan naka an sake bugawa," in ji mai shagon kaset a kasuwar Daura. "Tas yake, ba ƙaraf-ƙaraf irin na garmahonka."

Tun da shari'a ta zo aka rufe otal ɗin da tsohon yake saurare da abokansa, abokan suka watse, saura shi kaɗai. Ya sayi kaset ɗin, ya kai gida, ya kunna ƙasa-ƙasa. Busar ta tashi, ta wuce sumul, ba ta yi tuntuɓe inda ta saba ba.

Tsohon ya kashe.

Daidai wurin ne marigayiya matarsa, tana amarya, ta dirje masa tsohon faifan da toka kamar tukunya, wai ya yi baƙi, har ta karce shi. Nan kaɗai yake jin ta. Masu gyara sun share ta.