Sunan Maganin Sa

Ka ga yadda kake haɗiye kalmar nan gaba ɗaya a gaban ɗalibai, Malam Ɗanjuma? Aje allin tukuna, ka ji abin da ya sami wani manomi.

Ruwan shuka ya sauka, sai san huɗarsa ya kwanta da zazzaɓi, ya ƙi kiwo. Ya hau keke ya je rugar da likitan dabbobi yake, ya tarar da shi durƙushe yana karɓar haihuwar saniya, hannuwa duk jini, ba halin rubutu. Da likita ya ji alamun ciwon, sai ya faɗa masa sunan wata allura da Turanci, suna mai tsawo kamar igiyar guga, ya ce ya tsaya ya yanka masa shi gaɓa-gaɓa. Manomi ya ce ai ya riƙe. Hankalinsa na gona, maƙwabta sun riga sun ɗaura garma. Ya taka keke yana maimaita sunan. A gangare ya faɗa rami, farkon sunan ya zube. A bakin gada wani ya tsayar da shi gaisuwa, tsakiyar ta bi ruwa. Ya isa shagon magani a gari yana haki, abin da ya rage a bakinsa "sai-kilin" kawai. Mai shago ya jera masa kwalabe uku, duk haka sunansu ya ƙare, ya ce, "Wanne a ciki, Baba?"

Ya juya rugar, aka ce likita ya wuce gaba. Ya bi shi ƙauye biyu, gumi na shiga masa ido, sai bayan azahar ya cim masa. Likita ya kama hannunsa, ya ɗora wa kowane yatsa gaɓa ɗaya: ok, si, tet, ra, sai. Ta shida, kilin, ya ɗora ta a babban yatsan ɗaya hannun. Ya sa shi ya faɗa sau bakwai, a hankali, har suka haɗu. Ya koma gari yana lanƙwasa yatsu a kan keke, bai yar da ko ɗaya ba, amma ya tarar da shagon a rufe. Sai washegari aka yi wa san allura. San ya tashi, amma kafin ya yi ƙarfin jan garma laimar ta tafi, masarar maƙwabta har ta tsiro.

To kai ma ka yanka wa ɗalibai kalmar gaɓa-gaɓa. Ai dama Hausawa sun ce, sauri yakan haifi nawa.