Wankan Inna Rakiya

Kwana biyu da haihuwa Ishatu ta ga bororo a diddigen jaririnta. Da irin wannan ɗanta na fari ya soma, bai kai ranar suna ba.

Maƙwabciyarsu a Tudun Wada, Sista Suzana, ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta sa Ishatu da mijinta Isiyaku a keke napep sai asibiti.

Likita ya duba yaron, ya tambaya, "Auren zumunci kuka yi?"

"Eh, 'yar kawuna ce," in ji Isiyaku.

"To, ciwon gado ne. Kowannenku yana ɗauke da shi a ɓoye, a jikin yaron ya haɗu. Fatarsa ba ta fi ɓawon albasa ƙwari ba. Ban da ruwan zafi, ban da cuɗa, ban da gasa jiki."

Maganar ta iske Inna Rakiya a gida, uwar Isiyaku, gwaggon Ishatu. Rabin yaran layin ita ta yi musu wankan farko, ba ta ga wanda zai koya mata ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kalmar gado.

"Jinin gidanmu ne mai ciwo? Mugun nono ne kawai da zafin ciki! A gasa yaro ya yi ƙwari."

"Gwaggo, don Allah, likita ya hana," in ji Ishatu, tana kuka.

Isiyaku ya ji komai a asibiti da kunnensa, amma ya sunkuyar da kai ya fice shago. Wannan shirun nasa har yau yana ba ni haushi.

Inna ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta danna a bayan yaron, ta murza. Da ta ɗaga, fatar ta biyo tsumman.

Suzana ta jiyo ihun ta katanga, ta shigo ba ko takalmi. Kwana uku aka yi ana fama a asibiti, ciwon ya ci jikinsa. Ya rasu ana gobe suna, rago na ɗaure a tsakar gida. Sunan da aka yi masa huɗuba da shi, Zulkiflu, a bakin masu ta'aziyya aka fara jin sa.

Jama'a, ciwon gado ba abin kunya ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. In ya taɓa ɓulla a dangi, a nemi shawarar likita kafin a haɗa zumunci. In kuma likita ya hana, to a bari, ko wane ne ya ce a yi.